Tuƙa, Awo da Waiwaye: Darasi kan Maganganun Tunani a Harshen Ingilishi

Ƙasar Ka'oje, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, tsakanin kogin Neja da iyakar Jamhuriyar Benin, tana daga cikin wuraren da jin harshe biyu ko uku ba abin a zo a gani ba ne, domin a kasuwa ɗaya ana ciniki da Hausa da Fulatanci, ana kuma jin Dandanci da Zabarmanci da harsunan mutanen Bargu, wanda kuwa ya bi ta Tsamiya ya ƙetara zuwa Segbana zai tarar da takardun hukuma da allunan hanya duk da Faransanci aka rubuta su. Wannan rabuwa ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, ƙasar da har yau sunanta yake nan a sarautar Sarkin Bargun Ka'oje. A sakamakon haka, Ingilishi ya zama harshen takardar banki da ta asibiti da ta kwastan a wannan ɓangare na iyaka, ko da yake ba shi ne harshen gida ko na kasuwa ba.

Saboda haka magidancin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci a irin wannan wuri ba baƙon koyon harshe ba ne, kuma bai kamata malami ya riƙa yi masa kallon yaro ba. Abin da yakan tsaya masa, bayan ya iya haruffa ya kuma tara kalmomi masu yawa, shi ne ya san ma'anar kowace kalma da ke cikin jimla amma ma'anar jimlar kanta ta kuɓuce masa. Ya san "sleep" barci ne, ya san "on" na nufin a kan, ya san "it" wakilin suna ne na abu, amma idan ma'aikaci ya ce masa "let me sleep on it" sai ya rasa gane cewa ana neman a ba da lokaci ne a yi shawara. Wannan darasi ya taƙaita a kan maganganun da Ingilishi ke amfani da su wajen tunani da nazari da waiwayen abin da ya wuce, domin su ne ke yawan fitowa a daidai lokacin da ake yanke shawara a kan kuɗi ko lafiya ko aiki, inda kuskuren fahimta ke da tsada.

Kalmomi biyu da ya kamata a fara sani

Adon magana, a ma'anar da ake nufi a nan, jerin kalmomi ne da suka daɗe tare har suka sami ma'ana ɗaya wadda ba a iya gano ta ta hanyar tara ma'anonin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Hausa cike take da irinsa. Wanda ya ci amana bai sa komai a bakinsa ba, wanda ya sha kashi bai kurɓi komai ba, kuma dattijon da ya sa baki a rigimar makiyayi da manomi magana ya yi ta sulhu. Bahaushe ba ya tsayawa ya warware waɗannan kalmomi, dunƙule yake ɗaukarsu, kuma haka Bature yake ɗaukar nasa.

Abu na biyu shi ne abin da za a kira aikatau mai rakiya, wato kalmar aiki wadda wata 'yar gajeriyar kalma irin "over" ko "back" ko "through" ko "up" ke biyo bayanta, su haɗu su ba da sabuwar ma'ana. Tun a 1755, a gabatarwar ƙamusunsa, Samuel Johnson ya lura cewa wannan nau'i na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙon harshen Ingilishi, sunan da masana nahawu ke kiransa da shi a yau kuwa, wato "phrasal verb", ya bazu ne bayan littafin Logan Pearsall Smith na 1925. Mai jin Hausa yana da hanyar fahimtar wannan tsari wadda ta fi ta sauran ɗalibai sauƙi, domin aikin da 'yar rakiya ke yi a Ingilishi, ƙarshen aikatau ne ke yin irinsa a Hausa. Daga saya ake samun sayo, wato a saya a kawo nan, da saye, wato a saya duka ba a bar komai ba, da sayar, wato a rabu da kaya a karɓi kuɗi. Saiwar kalmar ba ta canza ba, ƙarshenta ne ya juya alkiblar aikin, kuma wannan tsari ne F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960. Ɗalibin da ya riƙe cewa "over" da "back" da "through" kamar waɗannan ƙarshen kalmomi suke, ya samu rabin darasin.

Alkiblar tunani

Kalmar "think" ita ce uwar wannan gida, kuma kowace 'yar rakiya da ta biyo ta tana nuna inda tunanin ya dosa. Idan aka ce "think over", ana nufin a jujjuya magana a duba samanta da ƙasanta kafin a ba da amsa, kamar yadda mai sayen atamfa ke juya turmi ya ga bayansa. Manomin da wakilin kamfani ya kawo wa tayin sayen shanshera tun tana gona zai iya cewa "I need two days to think it over", wato yana buƙatar kwana biyu ya yi nazari. Idan aka ce "think through", tunanin ya ratsa ne daga farkon al'amari har ƙarshensa, kamar mai bin hanya har ya ɓulle, yana tambayar kansa abin da zai biyo bayan kowane taki: in an karɓi rancen, yaushe za a biya, in damina ta yi gardama da me za a biya, in ruwa ya ci gonar wa zai ɗauki asarar. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manoma da yawa a jihar suka fara cin karo da takardun sharaɗi da aka rubuta da Ingilishi, kuma a irin wannan wuri bambancin maganganun biyu ba ƙarami ba ne. Mutum na iya jujjuya magana kwana uku ba tare da ya bi ta har ƙarshe ba, shi ya sa "he did not think it through" zargi ne na rashin hangen nesa, ba na rashin tunani kwata-kwata ba.

"Think back" tuna baya ne, yawanci da "to" a bayansa, kamar a ce "think back to the last harvest", a tuna kakar bara. "Think ahead" kishiyarsa ce, wato a hango gaba a yi tanadi. "Think up" kuwa ya bar gidan nazari ya shiga gidan ƙirƙira, domin ma'anarsa a ƙago dabara ko hujja wadda da babu ita, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙamshin zargi, musamman idan abin da aka ƙago uzuri ne.

Akwai wasu maganganu huɗu da suka yi kama da juna har sukan rikita ko da wanda ya yi nisa a karatu, domin duk suna ƙunshe da tunani na biyu. "Think twice" gargaɗi ne kafin a aikata, daidai da a ce wa mutum ya sake tunani kafin ya jefa kansa. "Have second thoughts" yana zuwa ne bayan an riga an yanke shawara, lokacin da kokwanto ya fara shiga zuciya, kamar mahaifin da ya amince ɗansa ya tafi ci-rani sannan dare ya yi ya kama saƙa da warwara. "On second thoughts" ana faɗinsa ne nan take, a tsakiyar magana, idan mutum ya canza abin da ya faɗa yanzun nan, kamar mai cewa a auno masa tiya biyu sannan ya ce a'a, a bar ta ɗaya. Mutanen Ingila suna sa harafin "s" a ƙarshe, na Amurka kuwa sukan ce "on second thought". Na huɗun, "without a second thought", yana nufin ba tare da wata-wata ba, kuma yana iya zama yabo ga wanda ya taimaki maƙwabci ba jinkiri, ko suka ga wanda ya yi gaggawa. Kusa da su akwai "think better of it", wanda ba ya nufin a kyautata wa abu zato, ma'anarsa mutum ya yi niyyar aikata abu, ya sake dubawa, ya fasa.

Hotunan da ke ƙarƙashin kalmomi

Tunani abu ne da ba a gani, don haka kowane harshe yakan aro masa hoto daga aikin hannu na yau da kullum, kuma abin lura shi ne hotunan da Ingilishi ya aro na makiyaya ne da 'yan kasuwa, waɗanda mutumin Ka'oje ya fi ɗan birnin Landan na yau sanin su da ido.

Na farko shi ne tuƙa. Da yamma, idan garke ya dawo ruga, an ɗaure maruƙa a dangwali, hayaƙi ya fara tashi don korar ƙuda, saniya takan kwanta ta lanƙwashe ƙafafu, ta dawo da ciyawar da ta haɗiye da rana cikin hanzari, ta sake tauna ta sannu a hankali, muƙamuƙinta na tafiya gefe da gefe, idonta a lumshe, sannan ta haɗiye ta dawo da wata. Makiyayi ya san cewa dabbar da ta daina tuƙa ba ta da lafiya. Daga wannan hoto Ingilishi ya sami "chew over", wato a tauna magana, da "chew the cud", wanda asalinsa tuƙa ce tsantsa amma ake faɗinsa ga mutumin da ya zauna yana nazari a natse. Kalmar littafi "ruminate" ma daga kalmar Latin mai nufin tuƙa ta fito. Hausa na cewa a tauna magana kafin a furta ta, sai dai akwai ɗan bambanci: taunawar Bahaushe yawanci kan abin da zai faɗa ne, ta Bature kuwa kan abin da ya riga ya ji ko ya gani, wanda ya haɗiye da sauri yanzu yake dawo da shi. A wannan gida ne "food for thought" yake, wato magana ko labari da ya cancanci a zauna a tauna shi, abin da Hausa za ta kira abin dubawa. "Mull over" ma yana kusa da su a ma'ana, nazari ne mai ɗaukar lokaci, babu gaggawa babu tashin hankali.

Na biyu shi ne awo. "Weigh" awon nauyi ne a sikeli, "weigh up" kuwa a ɗora amfani a gefe ɗaya, illa a ɗaya gefen, a ga wanda ya rinjaya, kuma sau da yawa yakan zo tare da "the pros and cons", wato dalilan yi da dalilan bari. Hausa ta riga ta mallaki wannan hoto a cikin "auna", domin ana auna hatsi ana kuma auna magana. Ɗalibin da ke ƙetara iyaka zai amfana da sanin cewa a Faransanci "penser", yin tunani, da "peser", yin awo, tushensu ɗaya ne a Latin, haka kuma "ponder" ta Ingilishi daga kalmar nauyi ta fito. Kusa da awo akwai "take stock", wanda asalinsa aikin mai kanti ne idan ya rufe ƙofa ya ƙirga hajarsa, ya ga abin da ya fita da abin da ya rage da bashin da ke waje. Daga nan aka faɗaɗa shi zuwa duk lokacin da mutum ya dakata ya duba inda yake. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, 'yan kasuwar garuruwan bakin iyaka sun yi wannan aiki ta fuska biyu, sun ƙirga kayan da suka maƙale a hannunsu, sun kuma zauna sun yi karatun ta-natsu a kan makomar sana'arsu, kuma jimla ɗaya ta Ingilishi, "they had to take stock", tana ɗauke da ma'anonin biyu.

Na uku shi ne dare. "Sleep on it" yana nufin a jinkirta yanke shawara zuwa gobe, a bar zuciya ta huce, kamar yadda dattijo zai ce wa dillalin da ya matsa masa a kan sayar da sa, "Malam, bari mu kwana mu tashi." Faransanci na da karin magana mai wannan ma'ana, "la nuit porte conseil", wato dare na kawo shawara. A nan akwai tarko biyu. Na ɗaya, a Nijeriya ana yawan jin "sleep over it", amma a daidaitaccen Ingilishi "sleep over" kwana ne a gidan wani. Na biyu, fassarar kalma da kalma takan kai mutum ga "kwana da abu a rai", wanda a Hausa ya fi karkata ga riƙo da ƙullaci, alhali maganar Ingilishin babu ɓacin rai a cikinta ko kaɗan. Gari na wayewa kuma sai ga "dawn on", daga kalmar alfijir: "it dawned on him that the date had passed" na nufin ya farga, a hankali kamar ketowar alfijir, cewa wa'adin ya wuce. Ginin wannan jimla ya cancanci a lura da shi, domin ba mutumin ne aikau ba, wato mai yin aikin, fahimtar ce ke sauko masa, kamar yadda Hausa ke cewa abu ya faɗo masa a rai. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da "it crossed his mind", tunanin da ya gifta bai zauna ba.

Waiwaye, da inda ya zama illa

Kalmar "reflect" kanta ta fito ne daga sassa biyu na Latin masu nufin lanƙwasowa baya, shi ya sa take da ma'ana biyu da ke tafiya tare: madubi ko ruwan tafki na maido da surar abin da ke gabansa, zuciya kuma na maido da abin da ya wuce don ta sake dubansa. "Réfléchir" ta Faransanci ma haka take da fuska biyu. "Reflect on" nazari ne mai zurfi, wanda malaman addini za su kira tafakkuri, kuma "on reflection" na nufin bayan an sake dubawa. Amma idan aka sa "badly" ko "well" a tsakiya, maganar ta bar tunani ta koma mutunci, domin "it reflects badly on the family" na nufin abin yana zubar da ƙimar gidan a idon jama'a. Ɗalibin da ya karanta irin wannan jimla a wasiƙar makaranta game da ɗansa, ya ɗauka ana gayyatar iyali su yi nazari ne, bai ji nauyin abin da aka faɗa masa ba.

"Look back on" shi ne waiwaye a sarari, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne, kuma ba shi da ɗaci ko zaƙi sai abin da aka haɗa shi da shi. "In hindsight" ya ƙunshi kalmar baya da kalmar gani, wato ganin da ake yi bayan abu ya wuce, kishiyar "foresight", hangen nesa. Yana kusa da karin maganar nan da ke cewa da na sani ƙeya ce, sai dai ba kullum yake ɗauke da cizon yatsa ba, domin mutum na iya cewa "in hindsight it was a good decision", yana nufin daga baya ne ya gane shawarar ta yi kyau. "Soul-searching" binciken kai ne mai tsanani, inda mutum ke tuhumar zuciyarsa a kan niyyarsa da laifinsa, kuma kalmar da ta fi kusa da shi ita ce muhasaba, wadda aka saba ji a wa'azi. "Take a long hard look at" ya fi shi kaushi, kuma yawanci wani ne ke faɗa wa wani, ko jarida ke faɗa wa hukuma, cewa lokaci ya yi da za a dubi gaskiya ba tare da kawar da kai ba.

Ingilishi ya kuma ware kalmomi ga tunanin da ya wuce kima. "Dwell" zama ne a wuri, don haka "dwell on" tarewa ne a kan abu ɗaya, a ƙi tashi, kuma an fi jin sa a cikin hani, "do not dwell on it", kada ka yi ta nanata abin a ranka. "Brood over" ya fi shi duhu, asalinsa kwancin kaza a kan ƙwai, kuma ana faɗinsa ga wanda ya kwanta a kan ɓacin rai yana ɗumama shi. Bai kamata a haɗa su da "lost in thought" ba, wanda siffa ce kawai ta mutumin da ya yi tagumi ya yi zugum har ba ya jin ana kiransa. Mafitar irin wannan hali ita ce "come to terms with", wanda asalinsa daidaitawa ne a kan sharuɗɗa tsakanin masu ciniki ko masu rikici, aka mayar da shi ga zuciyar da ta daina jayayya da abin da ba za ta iya canzawa ba. Manomin da ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa a fadamar kogin Neja, wanda ya yi jimami sannan ya tashi ya shirya noman rani, shi ne za a ce "he came to terms with the loss", kuma Hausa za ta ce ya rungumi ƙaddara. Maganganun biyu ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, domin ta Hausa tana ɗauke da tauhidi wanda ta Ingilishi ba ta ambata ba, kuma ya dace mai fassara ya san abin da ya ƙara idan ya zaɓe ta.

Inda karɓau yake zama

Karɓau shi ne abin da aiki ya faɗa wa a cikin jimla, kuma matsayinsa ne ke raba aikatau mai rakiya gida biyu. A gida na farko, wanda ya haɗa da "think over", "think through", "think up", "weigh up", "mull over" da "chew over", karɓau na iya zuwa bayan 'yar rakiya ko ya shiga tsakaninta da aikatau, don haka "think over the offer" da "think the offer over" duk daidai ne. Amma idan karɓau wakilin suna ne irin "it" ko "them", dole ya shiga tsakiya, a ce "think it over" da "weigh them up". Ana jin "think over it" a ko'ina a Nijeriya, har a bakin masu digiri, kuma kowa na gane abin da ake nufi, sai dai wanda zai rubuta jarrabawa ko wasiƙar neman aiki ya fi masa kyau ya bi daidaitacciyar ƙa'ida. A gida na biyu, wanda ya haɗa da "think about", "reflect on", "dwell on", "sleep on" da "look back on", ba a raba kalmomin ko da wakilin suna ne, sai dai a ce "dwell on it" da "look back on them". Babu wata alama a jikin kalma da ke nuna gidanta, shi ya sa hanyar da ta fi inganci ita ce a haddace kowanne tare da "it" ɗinsa tun ranar farko, a riƙe "think it over" da "sleep on it" a matsayin dunƙulallun maganganu. A ƙamus kuwa, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, waɗanda ke fassara Ingilishi zuwa Hausa, a ƙarƙashin aikatau ake fara neman su, sannan a bi layi a nemo 'yar rakiyar.

Abin da mai magana ke nufi

Sanin ma'anar ƙamus bai wadatar ba, domin mutane na amfani da maganganun tunani su yi wani aiki dabam, su jinkirta, su ƙi cikin ladabi, ko su yi gargaɗi. Bahaushe ya san cewa idan ya je neman aure ko rance aka ce masa "sai mun yi shawara" ko "za a duba", wani lokaci shawarar ce da gaske, wani lokaci kuma a'a ce da aka lulluɓe don kada a kunyata shi, kuma yana rarrabe su ta murya da fuska da ko an sa masa rana. "I will think about it" haka take. Idan ta zo da rana, kamar "let me think it over and call you on Monday", akwai sauran magana, idan kuwa ta zo ita kaɗai, mai faɗinta yana miƙewa tsaye, sau da yawa an gama. "We will look into it" alkawarin bincike ne, ba alkawarin biyan bukata ba, "under consideration" a takardar ofis kuma na nufin ba a yanke hukunci ba tukuna, don haka wanda ya nemi abu bai kamata ya fara kashe kuɗi a kansa ba. Idan likita ko jami'in banki ya ce "you may want to think again", siffar maganar shawara ce mai taushi, amma nauyinta na gargaɗi ne, kuma daidai take da dattijo ya ce wa ƙaninsa, "Ni dai da za ka ji tawa, da ka dakata."

Waɗannan maganganu makami ne kuma a hannun ɗalibin kansa. Mutumin da bai ƙware a harshe ba yakan ji kunyar tsayar da ma'aikaci, sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai gama fahimta ba, don kawai ba shi da kalmar neman jinkiri. Jimloli uku sun isa su kare shi: "I need time to think it over", "let me sleep on it", da "I want to go over it with my son", inda "go over" ke nufin a bi takarda layi-layi a duba. Duk ukun na ladabi ne, babu ma'aikacin da zai ɗauke su raini, kuma Fulani, waɗanda suka sa hakkiilo, wato hankali da lura, cikin ginshiƙan pulaaku, ba su buƙatar a koya musu amfanin jinkirin, kalmominsa kawai suke nema.

Aikin aji

Malami zai raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya ya zama wakilin kamfani da ya kawo tayin sayen buhu ashirin na shanshera a kan farashin da ya gaza na kasuwa amma kuɗi hannu, ɗayan ya zama manomi, su fara tattaunawar da Hausa ko Fulatanci yadda za su yi ta a zahiri, sannan manomin ya sake ba da amsarsa da Ingilishi yana amfani da "think it over", "weigh up" da "sleep on it", wakilin kuma ya matsa masa da "do not think twice". Bayan haka kowane ɗalibi zai kawo maganganu uku na tunani daga harshen gidansu, ya faɗi hoton da ke ƙarƙashin kowanne, ko awo ne ko tauna ko saƙa ko wani abu dabam, ajin kuma ya duba ko akwai takwaransa a cikin waɗanda aka karanta, a rubuta waɗanda ba su da takwara a gefen allo. Aikin gida shi ne a rubuta jimla biyar a kan daminar bara, ta farko ta fara da "looking back on", ta ƙarshe da "in hindsight", a kawo su a zama na gaba a karanta da babbar murya.